Bashir Ya Sa Inna Ta Kife Kofin Baba

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Jidda? Ya Anti Rabi da yara? Ƙafar taka ta yi sauƙi? Mu nan unguwar Kalakla lafiya, sai dai raina a ɓace yake, kuma ɗanka Bashir ne sanadi.

Tun rasuwar Baba, Inna takan ce tana hango shi a bakin ƙofa bayan la'asar, har ta zuba masa gahawa a kofinsa. Ba mu taɓa musa mata ba. Ranar Juma'a ta faɗi haka gaban baƙinmu na Omdurman, sai Bashir ya tuntsire da dariya. Wai a jami'a an koya musu sunayen fatalwa da Turanci. Ya shiga jero su, ya ce abin da Inna take gani bai ma kai fatalwa ba, ido ne kawai yake yi wa tsofaffi gizo.

Yaya, karatun da ka tura shi ke nan? Inna ta wanke kofin ta kife, ta daina zaman ƙofa, abinci ma sai da lallashi.

Ka ja masa kunne, ni ko kallonsa ba na son yi. Ka gaida kowa. Ku sa Inna a addu'a, don a wurinta ranar Juma'ar nan Baba ya rasu.

Ƙanwarka,
Hauwa