Fanken Dutsen Afiba

Skarfavik,
farkon Oktoba.

Zuwa ga 'yata Oddny,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da yaran. Yaya tarin ƙaramin, ya sake shi? Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwa da kunne. Kunnen ne ma ya mayar da ni ga takarda. A waya ki yi ta ihu daga Kopenhagen, ni in yi ta cewa "na'am?", mu rabu kowa da haushinsa.

Tun da mahaifiyarki ta rasu gidan nan ya yi mini yawa. Ina kunna rediyo ba don ina ji ba, don dai a ce wani abu yana motsi. Ranar Lahadi kaɗai ake buga mini ƙofa, gwaggonki Hallbera ce. Ta zo da sandarta da kwandon saƙarta, mu yi karta, ta cuce ni, ta kushe mini gahawa. Makon jiya cewa ta yi, "Torfi, wannan gahawa ce ko ruwan wankin safa?" Kofi uku ta sha kafin ta tafi.

Sauran kwanakin ina bin asalin gidanmu. Kin san halinmu, ba a tambayar mutum sana'arsa sai an fara tambayarsa shi ɗan su wa ne. Ta wajen mahaifiyata na bi har zuwa waɗanda suka fara sauka a tsibirin nan, babu gurbi ko ɗaya. Ta wajen mahaifina kuwa na tsaya cak a kan Yakob, ɗan Kristen Holm, attajirin nan na Danmak da Hallbera ke ambata kamar jiya suka rabu. Uban yana nan da kabarinsa mai gicciyen ƙarfe. Uwar babu ita ko'ina. Mu dai an ce mana wata 'yar manyan gida ce da ta mutu a jirgi, wai ita ta bar mana baƙin gashin nan mai nannaɗewa da kika sha kuka a kansa duk lokacin da aka ɗauko mataji.

Kwalbar nan da kika aiko in tofa yawu don gwajin asali, wadda na yi miki dariya a kanta, sakamakonta ya dawo. Akwai wani ɗan kaso ƙanƙani da suka ce daga yammacin Afirka yake. Na ce sun haɗa yawuna da na wani. Na lallaɓa wani ɗan baffana ya tofa nasa, shi ma haka aka ce masa. Ban gaya wa Hallbera ba tukuna.

Labarin gari kuma, majalisa za ta gina katanga a gefen tsauni don tare ƙanƙara in ta zaftaro. Abu ne mai kyau, ba na musu. Sai dai layin katangar ya bi ta kan Dutsen Afiba, sun ce fasa shi za a yi. Kin tuna shi? Inda rana ke fara taɓawa in ta dawo bayan duhun hunturu, inda nake goya ki mu kai wa matar ɓoye, aljanar da ake cewa tana zaune a dutsen, fankenta. Tun kakanni gidanmu ke kai wannan fanke, yanzu saura ni kaɗai ke hawa.

Ki gaida kowa. Ki sa wa yaran hula, sanyin can ma ba wasa ba ne.

Babanki,
Torfi.

Skarfavik,
tsakiyar Nuwamba.

'Yata Oddny,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami takardarki da hoton yaran, na liƙa shi a jikin firiji. Babbar ta kwaso gashin nan kaf.

Rana ta tafi, kamar yadda take ɓace mana kowane hunturu. Shekaranjiya ta ɗan leƙo ta bakin tsauni, daga nan sai ƙarshen Janairu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na je gidan tsofaffi wurin Gunnvor, wadda ta fi kowa shekaru a garin nan. Kakar kakarta aikatau ta yi a gidan Holm. Ina kawo zancen uwar Yakob ta kwashe da dariya har ta ƙware. Ta ce, "Kai Torfi, sai da ka yi furfura ka zo tambaya? Ai duk gidanmu an sani. Ku masu gashin ne kawai ba ku sani ba. Miƙo mini ruwa."

Ga abin da ta gaya mini. Kafin Holm ya zo nan ya zauna a tsibiran rake na Danmak, can ƙasar zafi. Da ya zo, akwatuna biyu ya sauke da mace ɗaya. Sayen ta ya yi, Oddny. Ita ce mai girki, ita ce mai wanki, ita ta haifa masa Yakob. Da ya auro mace daga Danmak sai aka mayar da ita ɗakin shanu, aka koya wa yaron ya riƙa kiran ta da sunanta kamar sauran barori. Sunanta Afiba.

Gunnvor ta ce tun da matar nan ta sauka ba ta taɓa jin ɗumi ba, ko da rani cikin rawar ɗari take. In rana ta tafi sai ta kusa daina magana. In lokacin dawowarta ya yi, sai ta riga kowa hawa dutsen, ta zauna ta miƙa fuska tana jira. Wata shekara ta hau, ba ta sauko ba. Limamin coci ya ce ba a yi mata baftisma ba, ba ta da wuri a maƙabarta. Yakob da wani bara suka binne ta a gindin dutsen. Duk shekara ranar dawowar rana, in an toya fanke, sai Yakob ya ɓoye ɗaya ya hau da shi. In an tambaye shi ya ce na mutanen ɓoye ne, don ɗan Holm ba ya iya buɗe baki ya ce uwarsa baiwa ce. 'Ya'yansa suka gaji hawan, ba su gaji dalilin ba.

Shekara fiye da sittin ina ajiye fanke a kan kabarin kakata ina ja da baya a hankali don kada in ɓata wa aljana rai. Da na dawo gida na zauna a kicin da rigar sanyina a jiki, na yi kuka. Ban yi irinsa ba ko ranar jana'izar mahaifiyarki, ki yafe mini.

Ranar Lahadi na gaya wa Hallbera, tsaf, har da zancen sanyin. Ba ta ajiye saƙarta ba. Ta ce, "Ka je ka saurari tsohuwar da ba ta san ko ta ci abincin rana ba." Na kawo mata zancen yawu. Ta ce, "To ko gaskiya ne, me zai ƙara mata? Ta mutu. Mu ne muke shiga kanti muna haɗa ido da mutane."

Wata mai zuwa za a yi taro kan katangar, kuma ni aka ce in yi magana a madadin gidanmu. Dabarar Hallbera ita ce in ce dutsen gidan mutanen ɓoye ne, kamar yadda kowa ya sani. Shugaban ma'aikatan da za su gina katangar yana jin tsoronsu, ya taɓa rantsuwa sun lalata masa katafila a wani aiki. In na faɗi haka, dutse ya tsira, ba wanda zai taɓa shi. In na ce kabari ne, ban san abin da za a yanke ba. Da za ta fita ta juyo ta ce, "In ka tsaya gaban jama'a ka ce mu jikokin baiwa ne, kada ka ƙara dafa gahawar mutum biyu."

Kin san gwaggonki ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ita kaɗai ta rage mini a garin nan, kuma ina jin tsoro.

Babanki mai ƙaunarki,
Torfi.

Skarfavik,
bayan Kirsimeti.

Oddny 'yar lelena,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun yi biki lafiya. Safar da kika aiko ta yi mini daidai. Naman hayaƙin da na aika ya iso kuwa?

An yi taron. Wallahi na fita gida da niyyar in ce mutanen ɓoye. Na miƙe, na ga Hallbera a layin gaba da gashinta da ya yi fari amma bai daina nannaɗewa ba, sai na tuna Yakob. Shi dole ta sa ya mayar da uwarsa aljana. Ni ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Sai na ji bakina yana cewa, "Jama'a, babu matar ɓoye a dutsen nan. Mace ce irin ta kowa, an sayo ta, ta ji sanyi a garin nan har ta mutu. Sunanta Afiba, kuma kakata ce."

Da kunnuwana ba zan iya gaya miki ko an yi gunaguni ba. Abin da na ji a ƙafata shi ne bugun sandar Hallbera a kan katako, tana fita. Shugaban ma'aikatan ya sosa ƙeya ya ce shi aljanu ya saba da su, bai san yadda ake yi da kaka ba. Aka ɗan yi dariya, aka ce majalisa za ta duba.

Wasu sun riƙe mini hannu a bakin ƙofa. Wani kuma a kanti ya ce, "Torfi, ashe shi ya sa ba ka son sanyi." Ban san ko wasa ne ba, na dai yi masa murmushi don ban da ƙarfin faɗa.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Karta tana kan tebur inda muka bar ta. Na je ƙofarta sau ɗaya, fitila tana kunne, ba a buɗe ba. Ba na jin haushinta. Tun muna yara da sunan Holm take tsayawa in an raina mu don talauci, ni kuma na zare mata shi a gaban mutane.

Jajibirin Kirsimeti na je maƙabarta na kunna wa mahaifiyarki fitila. Duk kaburbura sun haskaka, har gicciyen Holm, wani ya riga ni sa masa tasa. Na ɗaga kai na dubi tsauni, baƙi ƙirin. Hanyar ta yi santsi, ban iya hawa ba. Na dawo na ci abinci ni kaɗai, na wanke faranti ɗaya.

Na san za ki tambaya ko na yi nadama. Ban yi ba. Kewa dai nake ji, mai yawa.

Babanki,
Torfi.

Skarfavik,
ƙarshen Janairu.

'Yata Oddny,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Barka da dawowar rana, ko da yake ku can ba ta taɓa guje muku ba.

Majalisa ta yanke za a karkata katangar. Ba wanda ya yarda ya sa katafila a kan kabari. Na ji daɗi, amma ban sami wanda zan gaya wa ba sai rediyo.

Yau da safe na toya fanke da kaskon mahaifiyarki. Biyu sun ƙone, na uku ya yi kama da fanke. Na naɗe shi da sukari na kama hanya. Gwiwata ta zage ni tun daga gindin tsauni har sama. Ina cikin hawa sai na ga sawu a kan ƙanƙara, na hawa da na sauka. Ƙananan ƙafafu ne, da ramin sanda a gefen dama. A wuri uku mai sawun ta zauna ta huta, an ga alama. Hallbera fa, matar da ke ƙorafi kan matakala biyu na ƙofata, Oddny!

Da na isa, ga fankenta a kan dutsen, sirara masu kyau, ba irin nawa ba. Amma ba su suka tsayar da ni ba. Mayafin ulu ne, toka-toka, wanda ta yi ta saƙawa a kicin ɗina tun kaka, wanda ta ce na ranar jana'izarta ne. Ta shimfiɗa shi a gindin dutsen, ta danne gefunansa da duwatsu don kada iska ta ɗauke, ta cusa bakinsa ciki kamar yadda ake lulluɓe yaro. Kowa a ƙasar nan ya san mutanen ɓoye ba sa jin sanyi.

Na ajiye fankena kusa da nata. Ban ja da baya ba wannan karon. Na zauna a gefen mayafin, na jingina, na jira. Da rana ta leƙo ta fara sauka a kan ulun, sannan ta zo fuskata. Na ce, "Kaka, ga ta nan ta dawo."

Ki zo da rani, ke da yaran, in nuna muku hanya tun ƙafata tana iyawa. Ki gaya wa babbar daga ina gashinta ya fito, kuma ki gaya mata sunan.

Gobe Lahadi. Ban san ko za a buga ƙofa ba. Na dai biya kanti na sayo gahawa mai tsada, na sauko da kofi biyu.

Babanki mai kewarki,
Torfi.