Hannun da Ya Saba Sauka

Pinrang,
9 ga Satumba, 1996

Zuwa ga yayana Daeng Pasau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma ciwon bayan nan ya sassauta maka. Mahaifiyarmu Indo' tana gaishe ka, ta ce haihuwarka ta yi, ba sayo ka ta yi ba, don haka ka rage shan taba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta bar fata kaɗan a titin Sengkang.

Na san labari ya riga wasiƙar nan isa gonarku a Sabah, can ƙetaren teku, don mutanenmu ba sa iya riƙe magana ko a cikin jirgin ruwa. Gaskiya ne, na zo na biyu, Andi Sessu ya ci. Saura tsere ɗaya, na Parepare, kuma makinmu ya matso har ya zama duk wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi shi ne zakaran tseren babura na Sulawesi ta Kudu, shi kuma ƙungiyar tseren nan ta tsibirin Jawa za ta ɗauka. Ban manta alkawarinmu ba. In ban ci bana ba, zan sayar da babur, in hau jirgi in zo mu yanki kwakwar manja tare. Ba sai ka tuna min a kowace wasiƙa ba.

Ka san tuƙin Andi Sessu. Gwiwar hannunsa ta fi birkinsa aiki. A kwanar masallaci ya matse ni har na goge buhunan yashi, nan na bar fatar. Alƙalan tsere kuwa duk suka ɗaga kai suna duba ko hadari zai taso. Wa zai ɗaga wa jikan Puang Aji, tsohuwar gidan sarauta, tutar laifi, alhali rabinsu a gonarta iyayensu suka yi noma, kamar namu?

Amma ba wannan ya kayar da ni ba, kuma abin da ya kayar da ni kunyar rubuta shi nake ji. A zagayen ƙarshe na kamo shi a miƙaƙƙen titi. Injina ya fi nasa, na jera da shi, saura in wuce. Sai na waiga na ga idonsa ta cikin hular kwano. Daeng, ka tuna yadda Indo' ta koya mana da bulalar tsintsiya: in za ka gifta gaban ɗan gidan sarauta ka rusuna, ka sauke hannun dama ƙasa, ka ce tabe' Puang, wato gafara ranka ya daɗe. Wallahi ban yi niyya ba. Kaina ya sunkuya, hannuna na dama ya saki, kuma ka san a hannun nan totur yake. Kafin in farga ya tafi.

Jama'a ba su gani ba. Baba Liong makaniki ne ya ji a kunne, yana tsaye bakin titi. Da na dawo rumfa ya ce, "Rappe, injina ne ya yi tari ko kai ne ka yi?"

Na hau cire safar hannuna.

Ya ce, "Na haɗa maka injin da ko aljani zai nemi aro, ka je ka tsaya gaisuwa a tsakiyar titi? Ai da ka sauka gaba ɗaya, ka sumbaci hannunsa, ka tambayi lafiyar kakarsa!"

Da ya huce ya jawo ni gefe. Ya ce a Parepare akwai kwanar kasuwar kifi, akwai lambatu mai zurfi a gefenta. "Ƙafa kaɗan za ka miƙa masa, ya faɗa ciki. Shi fa ya fara. Wanda ya ci naman wani kada ya yi kuka in an taɓa nasa."

Na ce zan yi tunani. Gaskiya tun ranar nake tunanin, har na daina jin daɗin abinci, kuma ka san ni da abinci. Ina son in ci tseren nan, Daeng, ina so kamar raina. Amma in na ci da ƙafa, kowa a Pinrang zai ce ɗan mai dafa abincin gidan Puang bai iya wucewa ba sai da ya yi harbi kamar jaki.

Ka gaishe da matarka da yara. Ka rubuto.

Ƙaninka,
Rappe

*

Pinrang,
2 ga Oktoba, 1996

Daeng Pasau,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, damina ba ta hana ku aiki ba. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Indo', ta yi kuka a wurin da ka ce ka haɗa min gado da katako a ɗakinka. Ni ban yi kuka ba, haushi na ji. Ka ce in bar wa gidan Puang abinsu, tun kakanni ba mu taɓa gaba da su ba, kuma Indo' a kicin ɗinsu take. Kai da ka koya min kwantar da babur a kwana har gwiwa ta taɓa ƙasa, kai ne yau kake ce min in rusuna? To na rusuna, amma ba yadda kake nufi ba.

Na zauna na duba lamarin. Hannun nan bashin gaisuwa yake jin ana binsa, shi ya sa yake sauka. Na ce to, bari in je in yi gaisuwar tun da wuri, a inda ake yin ta. Ranar Juma'a bayan an sauko na sa zanena na siliki irin na maza da hula, na nufi babban gida.

Andi Sessu yana ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙan da suka ɗaga shi sama, yana kallon ana wanke masa babur. Ya ce, "A'a, Rappe! An zo karɓar ragowar shinkafa? Indo'nka tana baya."

Na ce, "Wurin Puang Aji na zo, Puang."

Na hau matakala. Tsohuwar tana zaune bakin taga da carbi, ta ƙara ƙanƙancewa, amma bakin nan yana nan yadda ka bar shi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na ce, "Puang, na zo in ce tabe'."

Ta ce, "To wuce mana. Wa ya tare ka?"

"Ba na yau ba ne, Puang. Na Parepare ne. Zan gifta gaban jikanki, kuma ranar hannuna ba zai samu sukunin sauka ba. Shi ne na kawo shi yau."

Na sauke hannun har ya taɓa katako. Ta dubi hannun, ta dube ni. Can sai ta fashe da dariya har ta yi tari, Indo' ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, fuskarta kamar ta ga gawa.

Puang Aji ta sa aka kira shi. Ta ce, "Sessu, an ce kana dukan 'ya'yan mutane da gwiwar hannu."

Ya ce, "Tsere ne, Kaka, ba sahun salla ba. Ba dokar da ta ce in share masa hanya. Wanda ya ji tsoro ya koma kiwon agwagi."

Ta juyo gare ni. "Na karɓi tabe' ɗinka. Wuce in ka iya. Amma ka ji ni da kyau: in ka jefa min jika a ƙasa, uwarka ba za ta ƙara taka matakalar nan ba."

Na ce, "Shi fa, Puang, in ya jefa ni?"

Ta ce, "Shi? Uwarsa ma ba ta iya da shi ba, ni ce zan iya? Ka riƙe babur ɗinka da kyau."

Ka ga adalcin manya. Shi ya taɓa ni, ni kada in taɓa shi. Da na gaya wa Baba Liong sai ya jefar da sifana ya ce, "Ka je neman izini, ka dawo da takunkumi! Ni dai Allah ya haɗa ni da ku 'yan ƙabilar Bugis." Amma Daeng, tun da na sauko matakalar nan nake jin jikina sakayau. Na ci kwano biyu na miyar nama a hanya. Indo' ba ta yi min magana ba har washegari, sannan ta ce wai na zauna da kyau, ban kunyata ta ba.

Ka yi min addu'a, ko da ba ka so in ci.

Ƙaninka,
Rappe

*

Pinrang,
24 ga Oktoba, 1996

Yayana Daeng Pasau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali, ina tambayar lafiyar bayanka, kuma ka yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta yau. Na ci! Daeng, na ci! Ƙaninka da kake cewa ba ya iya ɗaure igiyar akuya shi ne zakara!

Bari in ba ka a tsanake, in zan iya. An rufe titin bakin teku, jama'a har kan rufin shaguna da bisa itatuwa. Daga layin tashi ana hango tashar jiragen ruwa, ga jirgin da ke kai mutane wajenku yana tsaye ana masa lodi. Na dube shi sau ɗaya na kau da kai.

Tun da aka sauke tuta muka bar sauran, ni da shi. Ya yi duk abin da ya iya. Ya rufe min hanya ta dama, ya rufe ta hagu, ya taka birki a inda ba a takawa don in daki bayansa. Gwiwar hannunsa ta same ni a haƙarƙari, har yanzu ba na iya dariya sosai. Alƙalai suka ci gaba da duba hadarinsu. Ni kuwa na lafe a bayansa ina jira. Da muka fito miƙaƙƙen titi ana saura zagaye ɗaya, na jera da shi, na dube shi ido cikin ido da gangan, na wuce. Hannuna ko gezau bai yi ba. Na ji ihun mutane ta cikin hula.

Sai kwanar kasuwar kifi, ta ƙarshe. Ruwan ƙanƙarar masu kifi ya jiƙa gefen ciki, kowa ya sani, kowa yana kauce masa. Shi da ya ga abin zai kuɓuce, ya kutso ta nan da gudun da babur ba zai ɗauka ba. Tayarsa ta gaba ta zame, ya faɗo jikina gaba ɗaya, kafaɗarsa a cinyata. Ban ma buƙaci ƙafar Baba Liong ba. In na ɗaga babur kaɗan na ba shi wuri, ya tafi cikin lambatu da kansa, kuma ba mahalukin da zai ce laifina ne, har kakarsa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce tausayinsa na ji ba. Ban ji ba. Ina so ne ya kasance a kan tayoyinsa lokacin da zan riga shi, ya gani da idonsa, kada gobe a ce ruwan kifi ne ya ba ni kofi. Na danne, na tokare shi da jikina, muka zagaye kwanar a manne kamar buhu biyu a bayan amalanke. Tayarsa ta kama ƙasa. Muka miƙe tare, ga layi can. Na murɗa totur har wuyan hannuna ya yi ƙara, na kwanta a kan babur, na riga shi da abin da bai kai faɗin taya ba.

Baba Liong ya rungume ni yana kuka yana zagina. "Wawa! Ɗan banza! Ka ɗauko shi a baya kamar jariri, saura kaɗan ka goya shi har layi! Kai, kawo kan nan in sumbata!"

Ana cikin haka jama'a suka dare, ga Andi Sessu ya cire hula, fuskarsa ja wur. Na ɗauka duka ne. Ya ce, "Ka taɓa ni."

Na ce, "Kai ka jingina, Puang. Ni bango ne kawai."

Ya tsaya yana huci. Ya ce, "Da ni ne, da na sake ka."

"Na sani, Puang."

Ya tofar da yawu gefe, ya juya, ya yi taku kaɗan ya waigo ya ce, "In ka je Jawa, kada ka yi musu wannan haukan. Su ba su san kakata ba." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma daga bakinsa ya ishe ni.

Indo' ta zo Parepare, amma ba ta kalli komai ba. Ta zauna a rumfar wata mai sayar da kofi, ta juya wa titi baya tana jan carbi. Da aka kawo ni a kafaɗun mutane, abin da ta fara tambaya shi ne ko yaron Puang ya ji ciwo. Da aka ce lafiyarsa lau, sai ta kama kunnena ta ja, ta saki, ta rufe fuska da mayafi. Washegari ta tafi aikinta, ta dawo da ƙullin alawar ayaba, wai tsohuwa ta ce a ba mara kunyar nan.

Mutanen Jawa sun zo gida, zan tafi bayan azumi. Da aka miƙo min kofin na duba cikin jama'a ina neman fuskarka, alhali na san inda kake da laujen da ke hannunka. Nan ne kawai murnar ta yi min ɗaci. Na san tsorona kake ji, ba ƙina ba, kuma na san wanda ya sauka daga babur don ni in hau.

Jiya na koma Parepare ɗauko kayan aikinmu, na tarar jirgin zai tashi. Na tsaya na ga samarin garinmu suna hawa da akwatunan kwali, har da waɗanda muka yi makaranta tare. Ya busa ƙaho, ya juya, ina tsaye a ƙasa da maiƙon inji a hannuna. Ka ba wani gadon, Daeng. Kada ka je bakin ruwa tarona, ba na ciki.

Indo' tana sa maka albarka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka da ke alfahari da kai,
Rappe