Sanƙarau Nawa Ne a Duniya? Tambayar Ungozoma

Zuwa ga jami'in da ke kula da rigakafin yara a yankinmu.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Ni ungozoma ce a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, shekara ashirin ke nan ina yanke cibiya. Duk lokacin da ma'aikatanka za su zo, ni ake aikowa in bi gida gida in fito da mata. A bazarar bara da aka zo da allurar sanƙarau, da bakina na gaya musu duk yaron da aka yi wa ya tsira daga ciwon, da yardar Allah. Haka aka ce in faɗa. Jikana Habibu, ɗan ɗiyata Saratu, ni na goyo shi zuwa layi.

Da damina ta kankama, yana da shekara ɗaya da wata huɗu, zazzaɓi ya kama shi. Na ce na sauro ne. Kwana biyu muna ba shi magani, ya ƙi nono, kukansa ya koma wani siriri da ban taɓa ji ba. Na taɓa maɗigarsa na ji ta kumbura, amma wuyansa bai sanƙare ba, ga shi ba lokacin zafi ba, ga shi an yi masa allura. Sanƙarau bai ko zo mini a rai ba. Sai rana ta uku da ya fara jijjiga muka hau babur zuwa asibiti a Gummi.

Likita ya ɗebi ruwa a gadon bayansa, ya fara masa allurai tun kafin sakamako ya dawo. Daga baya ya ce sanƙarau ne, ƙwayar da ta kawo shi sunanta Hemofilus. Na sa ya maimaita har na riƙe. Na ce masa ai an yi wa yaron rigakafi. Ya karɓi katinsa ya duba, ya ce, "Inna, waccan ta wata ƙwaya ce daban. Maganin wannan yana cikin allurar cinya da ake yi wa jariri sau uku. Ɗaya kawai aka yi masa."

Habibu ya rayu, alhamdu lillahi. Amma yanzu in uwarsa ta kira shi ta baya ba ya waiwayowa. An ce ciwon ya taɓa kunnuwansa.

Ranka shi daɗe, ba faɗa na zo yi ba. Tambayoyi ne suka hana ni sakat.

Ta ɗaya. Sanƙarau kala nawa ne? Maƙwabtanmu Fulani sun san kowace cutar shanu da allurarta. Me ya sa mu da ke hulɗa da jarirai aka bar mu da suna ɗaya?

Ta biyu. A zaman horon da kuka yi mana a Bukkuyum an koya mana wanke hannu da yanke cibiya da sabuwar reza. Ba wanda ya ce sanƙaran ƙaramin yaro kan zo ba tare da wuya ya sanƙare ba. An manta ne, ko an ga ba za mu gane ba? Da na sani, da ba mu kwana biyu a gida ba.

Ta uku. Allura biyun da Habibu ya rasa sun faɗo ne lokacin da hanya ta lalace da 'yan bindiga, ma'aikata suka daina shigowa. Ban ga laifinsu ba, kowa na son ransa. Amma da suka dawo, katin nan ya shiga hannunsu ranar allurar bazara. Me ya hana a ce ga gurbi biyu babu komai? Ana iya ramawa bayan lokaci ya wuce, ko shi ke nan?

Ta huɗu. A gadon da ke kusa da namu wani magidanci ne mai haƙar zinariya, shi ma aka ce irin ƙwayar ce, ko da yake ba ta cika kama manya ba. To ina take zaune kafin ta kai ga kai? Yaran da suka ci kwano ɗaya da Habibu fa, akwai abin da ya kamata a ba su?

Roƙona biyu ne. A tara mu ungozomomi a yi mana bayani da Hausa, dalla-dalla. Sannan a turo mai duba katuna, domin na bi gidajen unguwarmu na ga irin gurbin Habibu a katuna da yawa.

Matan ba su daina sauraro na ba tukuna. Amma shekaranjiya wata mai jego ta tambaye ni ko allurar cinyar ga ita ce ta gaskiyar. Na ce ta ba ni lokaci in tambayo. Jaririnta zai cika sati shida ranar Laraba ta sama, lokacin da ake yi wa jariri ta farko ke nan.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ma'aikatanka a hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Wassalam.

Taka,
Inna Hassi, ungozoma.