Makunnin da Kaka Ya Tsallake

Litinin

Zuwa ga jikata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa gidan Innarki lafiya. Kakanki ne mai gyaran rediyo, da hannuna nake rubutawa. Kin san a bayan rediyoyi na koyi baƙi, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki. Wayar hannu ban riƙe ba, ba kuma zan riƙe ba, direban motar safe zai kawo miki wannan.

Kin fita ranar Asabar ba sallama, kin bar kwamfutarki a kunne, abin kunnenki a ƙasa. Tela ya ce kin wuce ta gaban shagonsa da jaka, ya gaishe ki ba ki amsa ba. Sai da Innarki ta aiko na san inda kike.

Na yi ta juya abin a raina, abu ɗaya na san na yi. Ranar Alhamis kina makaranta na ga wayar abin kunnen ta zare kusa da ɗan akwatin nan na tsakiyarta. Na tuna kwana uku kika yi watan jiya kina buga rubutu a baƙin allo kafin kwamfutar ta yarda ta ji muryarki, har da sayo waya mai baki biyu. Na ce wahalarki ba za ta tafi a banza ina kallo ba. Na buɗe akwatin, na sa mitar gwajin wuta, na ga wani ɗan makunni yana yanke hanya idan an tura shi. Shekara hamsin ina wannan aiki, duk abin da na kama yana yanke murya sunansa lalatacce. Na tsallake shi, na haɗe waya da waya da dalma, na rufe. Ko alamar buɗewa babu.

Ke kika ce min wannan Linux ɗin naku da kwamfutar ke aiki da shi kowa yana da izinin buɗe cikinsa ya gyara, ba kamar rediyoyin yanzu da ake liƙewa da gam ba. Shi ya sa ya shiga raina. Idan buɗe abin kunne ne laifina, ai ke kika ba ni ƙofa.

In wasan kwamfutar nan da kuke yi ne ya ɓaci aka cinye ku, ki ce da abokan naki huɗu tsoho ne ya jawo. Amma amaryar kirki ba ta yin yaji a kan igiyar waya. Ki dawo.

Ki gaida Innarki da maigidanta.

Angonki, Tsoho.

Laraba

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Na sami takardarka, ina lafiya.

Makunnin da ka tsallake ba lalatacce ba ne. Aikinsa ke nan, ya yanke murya. Idan muna wasa mu biyar, kowa a garinsa, muna jin juna ta hedifon, wato abin kunnen da ka buɗe. Akwai maɓallin da ake dannewa kafin a yi magana, amma ban gama saita shi a kwamfutata ba, saboda haka makirufona kullum a buɗe yake, da wannan makunnin kawai nake rufe shi. Kwamfutar ba ta san an tura shi ko ba a tura ba. Ni ma ban san ya daina aiki ba.

Ranar Asabar da la'asar muka tsaya hutu. Na tura makunnin, na ajiye hedifon a kan teburinka kusa da mita, na tafi kicin. Tela ya shigo. Kun zauna a bakin teburin nan kuna magana.

Da na dawo na sa a kunne, shiru. Mutum huɗu da ba sa rufe baki, ko numfashinsu ban ji ba. Sai wadda ke jagorantarmu, da muke kira Kunkuru a wasan, ta ce, "Auta, makirufonki a buɗe yake tun ɗazu." Na yi dariya, na ce to me tsohona ya ce, ya zage ku? Ta ce, "Ki fito daga nan, zan kira ki ke kaɗai."

Ta ce sun ji wani yana cewa, "Uban yarinyar ya sake zuwa shagona, ya bar lamba." Sun ji ka ce, "Yaga ta. Kaset ɗinsa goma sha huɗu suna ƙarƙashin teburin nan, ba za ta ji ko ɗaya ba ina numfashi."

Kaka, shekarata ashirin. Ka ce min mahaifina ya rasu a hanya ina goye. Na sha yi masa addu'a a gabanka kana cewa amin. Sai ga shi na ji yana raye daga bakin yarinyar da ban taɓa ganin fuskarta ba.

Ina son kaset ɗin da lambar. Idan ba za ka ba ni ba, Inna za ta aiko a kwashe min kayana.

Ka huta lafiya.

Jikarka.

Juma'a

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta sau uku. Na lura ba ki kira ni Tsoho ba, to ni ma na ajiye wasa.

Ba zan musa ba, kunnuwan abokanki lafiyarsu lau. Amma sun ji ƙarshen zance ne, ni kuwa ina nan tun farkonsa. Duk gidan nan ni kaɗai na rage da ke tuna abubuwa yadda suka faru, da ranakunsu.

Kina da wata goma sha ɗaya mahaifinki ya ce zai tafi neman aiki, bayan wata uku zai dawo. Na raka shi tasha, ni na ɗauki jakarsa. Shekara biyu ko gaisuwa babu. Mahaifiyarki takan zauna a kan bencin ƙofar shago tana duban duk motar da ta tsaya, har ciwo ya kwantar da ita. Sai ga kaset na farko, an rubuta sunanki a jiki da jan biro. Ta saurara ita kaɗai, ta fito ta miƙo min, ta ce, "Baba, ka ɓoye. Kada ta ji muryarsa ta zauna a benci kamar ni." Na yi mata alkawari. Kina shekara huɗu ta rasu.

Kowace shekara ɗaya yake zuwa, har goma sha huɗu, sannan suka tsaya. Ban jefar ba, ni ba na jefar da murya. Duk wata shida nakan fito da su in juya zaren da biro don kada ya manne. Amma alkawarin wadda ke ƙasa ba a warware shi don wasu yara sun yi saurare ta igiya.

Kin ce a kwashe kayanki. Kwamfutar tana nan a kunne, ban san yadda ake kashe ta ba, kuma ba zan zare mata wuta ba tunda kin hana. Mai zuwa ya zo da wanda ya iya. Takardar lamba kuwa na ce wa Tela ya yaga, magana ta ƙare.

Na yi ƙarya, na sani. Da za a mayar da ni, zan sake.

Allah ya yi miki albarka, ko kina so ko ba kya so.

Kakanki.

Lahadi

Zuwa ga Baba,

Innar Auta ce, ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Maigidan yana gaisuwa.

Auta ta nuna min takardarka. Ba ta cin abinci sosai, kuma jiya na ji tana tambayar kuɗin ɗakin haya kusa da makarantarsu.

Baba, ka gafarce ni, ban taɓa mayar maka da magana ba. Amma ka ce kai kaɗai ke tunawa. Ina ɗakin ranar da Yaya ta yi maganarta ta ƙarshe, ni ke riƙe da kofin ruwa. Abin da ka rubuta ta faɗa, gaskiya ne, amma a farkon ciwo ta faɗe shi. Kwana biyu kafin ta cika ta sake yin wata magana, ka kuma amsa mata.

Ban gaya wa Auta ba. Na ba ka zuwa Laraba. Ya fi kyau ta ji daga gare ka, ta riga ta ji ɗaya daga bakin baƙi.

'Yarka.

Talata

Auta,

Sallama da gaisuwa. Wannan karon direba zai miƙo miki kwali, ki karɓa da hannu biyu, kada a jijjiga.

Innarki ta fi ni gaskiya. Kwana biyu kafin mahaifiyarki ta rasu ta kama hannuna ta ce, "Baba, na huce. Idan ta yi hankali ka ba ta, ta zaɓa da kanta." Na ce to.

Ban manta ba. Ni da nake tuna launin jakar da na ɗaukar masa, yaya zan manta wannan? Da kika kai goma na ce ba ki yi hankali ba. Da kika kai sha biyar na ce bari ta gama jarrabawa. Ranar da kika zauna a gefena kika haɗa tsohuwar kwamfutar nan da aka yar, kika sa mata sabon rai da hannunki, na san hankali ya zo har ya yi yawa. A ranar na ƙara tura kwalin can cikin lungu da ƙafata. Na raka mutum ɗaya tasha bai dawo ba, na raka ɗaya makabarta. Ban so in raka na uku ba. Babu wani alkawari a nan, tsoron tsoho ne kawai, na rataya wa baiwar Allah da ba ta iya kare kanta.

Abin da ke cikin kwalin: kaset goma sha huɗu, na jera su bisa shekara, na farko a hagu. Na tara ya taɓa tsinkewa, na haɗa, za ki ji ɗan tsalle. Ban saurari ko ɗaya ba, sunanki ne a jiki. Ga rikodata ta shago, na sa mata sabon bel mai juya kaset, don kada ki ce na riƙe ta ne ki dawo dole. Ga takardar lamba, ashe Tela bai yaga ba, ya ce shi ɗinki ya iya. Ga abin kunnenki, na narke dalmar, na mayar da makunnin yadda yake, na gwada da mita sau goma. Idan kin tura, ya yanke.

Ki ce da Kunkuru ta kyauta da ta ware ki kafin ta faɗa. Tana da tarbiyya.

Ban ce ki dawo ba, bakina bai kai ba. Kwamfutar dai tana nan a kunne.

Wassalam.

Kakanki.

Alhamis

Kaka,

Gaisuwa. Kwali ya iso.

Na sa na farko, na ji zaren yana ƙara kafin a fara magana, na tsorata na cire. Idan ya tsinke a hannuna babu mai haɗawa a nan.

Ina zuwa Asabar da motar safe, da kwalin. Kai za ka sa kaset ɗin, ni zan saurara ta hedifon, kai kuma ka koma benci har in kira ka. Lambar tana wurina, ban kira ba tukuna.

Ban ce na huce ba. Kuma kada ka taɓa min kwamfuta, Tsoho.

Auta.