Umma, Bana Karan Bai Karye Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai labarin da ke ya kamata ki fara ji, shi ya sa na rubuta. Wanda ya karanta, ya taya ni yi miki addu'a.

Furenki ya buɗe, Umma. Guda huɗu a kan kara ɗaya, ja wur, kuma karan a miƙe yake.

Ban manta ranar da kika kawo shi daga Jos ba, bayan kin gama kwas ɗin ungozoma. Kika kwance ƙulli, na ga abu kamar ƙatuwar albasa, na tambaya ko na miya ne. Kika yi dariya, kika ce sunansa amarilis, ɗan'uwan albasar kwaɗi ne, kallonsa ake yi, ba a kai shi baki.

Bayan rasuwarki, da ake share ɗakinki, aka fito da shi tsakar gida, lokacin ya hayayyafa ya zama shukoki uku. Akuyar Gwaggo Asabe ta ci ganyen, ta yi kwana biyu kwance ba ta kiwo. Gwaggo ta ce ba za a zauna da guba a gida ba, kuma tana da gaskiyarta. Biyu suka tafi juji. Na ukun na ɗauke a ɓoye, na mayar da shi ɗakinki, na ja ƙofa.

Bara na ba ki kunya. Na dasa shi a robar fenti, na ajiye can lungun gado, kullum ruwa, kullum taki, a ganina gata nake yi masa. Karan ya zuƙe, dogo siriri, ya karkata yana neman taga. Wata safiya na tarar robar ta kife, ya karye daga tsakiya, saura kwana kaɗan ya buɗe. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka fita da ke.

A zaunen nan na tuna hannunki. Kowace safiya kafin ki tafi asibiti sai kin taɓa tukunyar, ni kuwa na ɗauka gyara mata zama kike yi. Har kin taɓa gaya mini, ina sauri zan tafi makaranta: “Haske yake bi, Hadiza. A riƙa juya shi kamar waina, kowane gefe ya samu.”

Bana na san abin da nake yi. Na sayo tukunyar ƙasa mai nauyi a kasuwar Karaye, na huda gindinta. Na haɗa ƙasa da yashi, na bar wuyan albasar a waje yadda kike yi. Ruwa kuwa sai na tsoma yatsa na ji a bushe. Na ajiye ta daf da tagar gabas, kuma duk safiya ina juya ta kaɗan, ko da na makara. Da karan ya kai tsawon hannuna, na kafa siririn karan dawa a gefen tukunya, nesa da albasar don kada in soke ta, na ɗaure su sako-sako da ƙyallen tsohon kallabinki.

Sauran labarin na Baba ne. Tun da kika tafi bai sake shiga ɗakinki ba. In zai wuce ma kauda kai yake yi. Jiya da azahar ya dawo daga gonarsa ta ƙauyen Yammedi, ya tarar na bar ƙofar a buɗe. Ya daɗe tsaye. Sannan ya cire takalmi, ya shiga, ya zauna bakin gadonki. Ya ce, “Ashe yana nan.” Can ya miƙa hannu ya matsar da ƙyallen sama kaɗan, ya ce ke dab da wuyan furen kike ɗaurewa, don a nan nauyin yake. Ban taɓa sanin yana kallonki kina yi ba.

A nan ya ci abincinsa. Yau da safe na shiga zan juya tukunyar, na tarar an riga ni.

Ki kwantar da hankalinki, Ummata. Muna riƙe da shi, muna kuma riƙe da juna. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alheri a kan duk jaririn da kika karɓa da hannuwanki. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya haɗa mu da ke a Aljanna Firdausi.

Taki har kullum,
Hadiza
Karaye