Rigar Ceton da Ba Ta Kumbura

Zuwa ga Yayata Minerva,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina neman albarkarki kamar yadda muka saba. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Yaya Eladio da yara, ya kuma sassauta muku sanyin New York. Mu nan Puerto Plata sai godiya. Mama ƙafar ce dai har yanzu, amma ba ta fasa zuwa coci. Ni kuwa gajiya ce da barci ba ya saukewa. Littattafan soyayyar da kika aiko ma suna nan ban buɗe ba, ke kuwa kin san ni da su.

Maganar maigidana Radhamés ce ta sa na ɗauki biro. Kin bar gari lokacin da kamfanin jirgin samansu yake tashe. Mai kamfanin, tsoho Don Fabio, ya fara da jirgi ɗaya, yana kwaso mutanen Kanada masu gudun sanyi, su gasa fata a bakin teku, a mayar da su gida jajaye kamar dafaffen jatan lande. A hankali jiragen suka yawaita. A lokacin na auri Radhamés, yana raba wa fasinja abinci cikin farar rigarsa, ni kuma ina ganin na samu irin na cikin littafi. Da manyan kamfanoni suka shigo, jiragenmu suka yi ta raguwa, har ran da ma'aikata suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa.

Yanzu acaɓa yake yi. Kin san halin mutanenmu na tafa hannu idan jirgi ya sauka lafiya. To, abokansa na tasha sun mayar da shi abin tsokana. Duk sanda ya dawo daga kai fasinja sai su kaure da tafi, suna cewa sannu da sauka Kyaftin, yau kaza za a raba ko taliya, ko kuwa a ɗaura bel ne akwai rami a gaba. Da farko yakan rusuna musu yana dariya. Yanzu ya daina.

Ranar Lahadi na shigo daga wanki na tarar ya fito da rigar ceton nan ruwan ɗorawa, wadda yake sawa a gaban fasinja yana nuna musu yadda ake yi. Ban bar shi ba sai da ya faɗa mini. Kwalekwale zai shiga ya tsallaka teku zuwa Puerto Rico, daga can ya wuto New York, wai Yaya Eladio ya yi masa alkawarin aiki a shagon taya idan har ya iso. Na sa kuka, sai ya ce haba amaryar Kyaftin, wa ya fi shi sanin ruwa, ga riga nan, shekara nawa yana koya wa Turawa ita. Da ya fita na ja igiyar da ke kumbura ta, shiru. Na hura bututun har kaina ya yi jiri, iska tana fita ta ɗinki. Yaya, ta nuni ce kawai, babu komai a cikinta. Da na tare shi bai musa ba. Ya ce ya sani tun ranar da aka ba shi ita, don hankalina ya kwanta ya fito da ita. A littafi, a nan ne mijin zai rungume matarsa ya fasa. Nawa tashi ya yi ya tafi duba man babur.

Abin da nake roƙo ke nan. Ki sa Yaya Eladio ya buga waya kantin Doña Tatica inda muke amsa waya, ya ce a kira masa Radhamés, ya shaida masa an riga an ba wani mutum aikin. Na san ƙarya ce, zunubin a kaina. Kada ki amsa da takarda, masu kwalekwalen lafawar teku kawai suke jira. Gara ya zauna yana jin haushin duniya, ina kallonsa.

Ki gaida Yaya Eladio, da ɗanki Wilkin, da 'yar sunana. Mama ta ce ki riƙa rufe ƙirjinki. Ita ba ta san komai ba, kada ki bari ta ji.

Ƙanwarki mai jiran wayar,
Yuderka