Rubutun Kabarin Baba

Zuwa ga Autar Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn da ya hana ki zuwa jana'iza. Mama tana gaishe ki. Ƙafar tata da sauƙi, sai dai har yanzu takan ɗora ruwan wankan mutum biyu da safe kafin ta tuna.

Bayan gaisuwa, maganar kabarin Baba ce. Ƙasa ta zauna, ran Asabar zan zuba siminti. Kin san abin da ya ce a rubuta, a gabanki ya faɗa da kika zo dubiya: Almasihu Allahna, Mai Cetona. To, Yaya, babbanmu, ya ce atafau ba za a rubuta ba.

Tun da ya bar ikilisiyarmu ya koma taron da ake yi a bayan shagon tela, bakinsa bai huta ba. Wai Almasihu zaɓaɓɓen Allah ne, ya fi kowa daraja, amma ba Allah ba ne. Jiya ya zo da Littafi Mai Tsarki duk ya sha jan biro, ya nuna mini inda Allah ya ce ban da shi babu mai ceto. Na ce na yarda ɗari bisa ɗari. Sai na tambaye shi wa ya raba Baba da kwalba bayan shekara ashirin muna kwaso shi daga bakin kwata. Baba da bakinsa ya ce Almasihu ne. To, ko dai masu ceto biyu ne, ko kuwa wanda ya cece shi Allah ne.

Yaya ya gyara tabarau ya ce Allah ne ya yi ceton ta hannun Almasihu, kamar yadda nake aiki da cokalin gini. Kai, wannan ta ƙona mini rai! Na ce shekarata goma sha bakwai ina gini, ban taɓa ganin cokalin da ya zubar da jininsa saboda bango ba. Sai ya tuna mini wai bin na gaba bin Allah. Na ce gaskiya ne, amma na gaban na gaba shi ne Baba, kuma ya riga ya yi magana.

Ki yi mana addu'a. Ni dai zan rubuta.

Yayanki,
Ɗan Siminti, kamar yadda kike tsokanata

Zuwa ga Autar Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fata zazzaɓin yaron ya sauka. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce dai ba lafiya.

Na zuba simintin. Na jira ya fara kamawa, don rubutu a kan siminti yana da lokacinsa: in ka yi gaggawa ya rufe, in ka makara ƙusa ba ta shiga. Na ɗauki doguwar ƙusa na rubuta, kowane harafi na nutsa shi kusan rabin yatsa. Bayan ya ƙara sha iska na tafi gida ɗauko buhunan da zan rufe shi da su.

Kafin in dawo Yaya ya zo. Ya tarar da ragowar kwaɓi a kwano, ya tsuga masa ruwa, ya dama kamar mai wanke kwano, ya shafe kalmar Almasihu da tafin hannunsa. Ya bar Allahna, Mai Cetona. Haka na dawo na tarar, Auta. Da a ce yana wurin, da yau wata wasiƙar kike karantawa.

Fasto ya kira mu. Shawararsa wai a shafe duka, a bar suna da shekaru kawai, don a zauna lafiya. Na ce ya yi haƙuri, ba zan sayi zaman lafiya da bakin mamaci ba. Mama ta yi ta kuka, ita da ba ta iya karatu ba amma ta san an taɓa maganar mijinta. Na ce ta share hawaye ta ba ni mako biyu. Ban gyara ba, ban taɓa komai ba. Yayyafa wa kabarin ruwa kawai nake yi safe da yamma kamar kowane sabon aiki.

Abin dariya a cikin abin haushi: siminti ya cinye wa Yaya tafin hannu, duk ya tsattsage. Malamin makaranta ina ya san ba a dama siminti da hannu tsirara? Ni na kai masa man shafawa. Ya karɓa bai dube ni ba.

Naki har kullum,
Ɗan Siminti

Zuwa ga Autar Baba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki duka. Na ga saƙonki, kuma na ji roƙonki cewa kada in yi faɗa da Yaya. Ban yi ba.

Abin da na sani ne ya faru. Tsohon kwaɓi mai ruwa-ruwa ba ya kama simintin da ya riga ya fara tauri. Kwana goma sha ɗaya shafen Yaya ya tsage, ya fara ɓamɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Mama ce ta fara gani. Ta sa farce ta ƙwaƙule sauran, tana bin ramin haruffan da yatsa. Sunan ya fito sarai. Matan ikilisiya har sun fara cewa mu'ujiza ce. Na hana su. Siminti ne kawai, kuma Almasihu ba ya bukatar ƙaryata.

Abu ɗaya ne bai ɓamɓare ba. Da Yaya yake shafewa, ya dafa gefen kabarin da hannun hagu, inda simintin bai gama kamawa ba. Yatsunsa biyar suna nan daram kusa da sunan.

Shekaranjiya ya zo ya ce, a matsayinsa na babba, in shafe sunan shafewar ƙwararru. Na ɗauko kurfi, ƙarfen nan na sassaƙa siminti, da guduma na miƙa masa, na ce hannuna ba zai yi ba, in ya ga dama ya fasa da kansa. Muka tafi maƙabarta, Mama tana biye da mu tana ɗingishi. Ya durƙusa, ya ɗora kurfin a kan harafin farko, ya ce har gobe bai yarda Almasihu Allah ne ba. Na ce ban nemi ya yarda ba, kabarin ba nasa ba ne. Na kuma yi masa alkawari a gaban Mama: in ya riga ni rasuwa, zan rubuta masa abin da ya gaskata daidai, da ƙusar nan, da zurfin nan, ko da zuciyata tana ƙuna. Amma wannan shaidar Baba ce.

Ya daɗe a durƙushe, guduma a sama. Sai ya sauke ta, ya sa hannunsa cikin sawun yatsun nan, ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Na tausaya masa ƙwarai, Auta, ɗan'uwana ne. Amma ban ce masa na janye ba, don ban janye ba.

Ya tafi da kurfin gida, har yau bai dawo da shi ba. In ya fasa, zan sake zubawa in sake rubutawa. Na ajiye ƙusar a aljihun rigar aikina.

Ki shafa mini kan yaron.

Yayanki mai ƙaunarki,
Ɗan Siminti